Kai Wannan

Da sunan Allah, wanda ya saukar da cuta ya saukar da maganinta. Ina gaida duk wadda takardar nan ta faɗa hannunta, da wadda za a karanta wa. Ina gajiya, ina yara, yaya muka ji da zafi?

Zafin ne ma ya sa na ɗauki alƙalami. Bazara ta sake kamawa, jiya kuma na ji an wuce da wani yaro asibiti daga bayan layinmu, wuya ya sandare. Tun da muka fito daga tamu jinyar nake ba da labarin nan, har matan unguwa sun fara cewa, "Binta, mun haddace." To ni ba mai fita ba ce, bakina iyakarsa unguwarmu ta Gobarau. Ɗan karatun da na samu na yaƙi da jahilci ne, da shi zan rubuta abin da na gani da abin da na ji. Wanda na ji ma ya fi yawa, don Allah ya ba ni kunne. Ina cikin ɗaki nakan san tukunyar da ta ƙone a gidan maƙwabta.

Mu huɗu ne manya da za ku riƙa ji a farko: ni, da Malam maigidana, tela ne a kasuwa, da mahaifiyarsa Inna, sai yaron, in za a sa shi cikin manya, don shekararsa takwas amma bakinsa ya fi haka. Lokacin kuɗin mai ya shigo gari, kowa ya sayi rediyo da babur, kowa na son sabuwar riga, Malam ba ya ɗaga kai daga keke. An kuma ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta, aka sa shi.

Shi ne na fari. To kun san mu. Sunan mahaifin Malam aka sa masa, marigayi. Malam ba ya faɗa, Baba yake ce masa. Inna ba ta faɗa, sunan mijinta ne, sai ta ce Maigida, kullum suna tsiya a kan bai ba da kuɗin cefane ba. Ni kuwa abin ya haɗe mini biyu, ga ɗan fari ga sunan suruki, ko Baban ma ba ya fita a bakina. Ƙannensa, Asabe da Garba, ina kiransu har a ji ni a ƙofar gida. Shi sai dai in ce, "Kai wannan!" Shi kuma ya ce mini Yaya, don a ɗakin Inna ya tashi tun daga yaye. Sunan nan na yanka, in ka cire malamin ajinsu mai kiran suna da safe, ban san mai kiransa da shi ba.

Wata Talata ya dawo daga makaranta ya ce kansa na sara. Muka ce rana ce. Aka ba shi ƙwayar ciwon kai ta mai tebur, aka watsa masa ruwa. Washegari ga amai, jiki kamar garwashi. Inna ta jiƙa saiwa, ta yi hayaƙi. Wata maƙwabciya ta ce shawara ce, wata ta ce ya ratsa ta ƙarƙashin tsamiya da tsakar rana, wata ta ce a kira wanzami ya yi masa tsaga a ƙeya. Kowa likita ne in ciwon ba a ɗakinsa yake ba.

Ga abin da nake so ku riƙe. Da aka miƙa masa ruwa a moɗa, bai sunkuyo ba. Sai ya ɗaga moɗar har hanci, kai a miƙe kamar an kafa masa sanda a baya. In aka ɗaga labule haske ya shiga, sai ya runtse ido ya yi ƙara. Sannan nishinsa ya sauya, ya koma siriri mai kaifi, ba irin na zazzaɓin da na saba ji ba. Ina tankaɗe a tsakar gida ina jin sa ta bango. Ba dama in shiga in zauna a kansa, sai na ce, "Inna, nishin ɗakin nan bai yi mini ba."

"Ke dai da kunnen tsiya," in ji ta. "Zufa za ta karyo."

Zufa ba ta karyo ba. Da hantsin Alhamis ya miƙe ya sandare, ido ya juye, haƙora suka datse. Malam ya bar ɗinki ya tsaro tasi, muka nufi asibiti, Inna na riƙe da kansa, ni ina riƙe da ƙafafu, ina kallon taga.

Layin yankan kati ya fito har bakin bishiya. Mutanen gari, mutanen ƙauye, leburorin da suka zo aikin gine-gine, kowa da nasa. Da mun bi layin nan da ban san abin da zan rubuta yau ba. Wata doguwar ma'aikaciya, da agogo maƙale a ƙirji, tana wucewa ta hango yadda bayan yaron ya banƙare, ta tsaya cak. Ita ce Sista Maryamu, mutuniyar ƙasar Jos, babbar nas ta ɓangaren yara. Ta sa hannu a ƙeyarsa ta gwada ɗago kan, sai duk jikin ya taso tare kamar katako.

"Ku biyo ni da shi. Kai, je ka yanko kati ka same mu."

Malam ya tafi. An ce da akawu ya tambayi sunan yaro, sai da ya sunkuya ya raɗa masa a kunne kamar mai neman bashi. Mu kuwa muna shiga, Sista ta dube ni ta ce, "Ke ce uwarsa?"

Inna na tsaye a gefena. Na sunkuyar da kai na ce, "Ɗan gidanmu ne."

Inna ta gyaɗa kai, alamar na yi daidai. Shi kuma cikin magagi ya ce, "Yaya." Sista ta ce, "To, yayarsa ce," ta ci gaba da aikinta. Daga nan kuskuren ya faro, ban kuwa gyara ba.

Likitan Ba'indiye ne, gajere, Hausarsa guntu-guntu. Ya ce za a ɗebi ruwa a ƙashin bayansa a duba. Inna ta yi tsalle ta dire.

"Ba a taɓa man bayan miji! Ɗan gidan mai unguwa da anka ɗebe ma ruwa, ya ƙara tahiya?"

Malam ya durƙusa ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, mun riga mun kawo shi." Ya ba da izini. Ruwan da aka ce lafiyayyensa garau yake kamar hawaye, sai ga shi ya fito fari-fari kamar an wanke shinkafa. Likita ya ɗaga kwalbar ya nuna mana ya ce, "Sanƙarau." Wannan kalma kam ya iya ta sarai. Ku ji da kyau, mata: ba ɗibar ruwan ke nakasa yaro ba, ciwon ne, da jinkirin da aka yi a gida.

Aka kai shi wani ɗaki da ke jikin teburin nas-nas, ɗakin da ake kwantar da yaran da ba a ɗauke musu ido. Gado huɗu ne, da babbar taga ta gilashi yadda duk mai zaune a tebur yana ganin kowa. Sai ka cire takalmi, ka wanke hannu da sabulu. Aka sa masa ƙarin ruwa a hannu, aka zura masa siririyar roba ta hanci har ciki don abinci, ga tukunyar iska doguwa kamar mutum a tsaye a kansa. Kafin la'asar ya daina ko nishin. Ya yi doguwar suma, ya tafi can inda ba a jin kira.

Mai jinya ɗaya aka yarda. Bisa al'ada Inna ce za ta zauna, ni in koma gida in yi tuwo kamar ba abin da ya faru. Inna ta shiga. Ni kuma na ce bari in ɗan huta a barandar nan kafin in tafi, na zauna a gindin taga. Can sai na ji numfashinsa ya fara kurkur, kamar kunu na shirin tafasa. Na leƙa, Inna na jan carbi, kunnenta dama ya yi nauyi. Na ƙwanƙwasa gilashi da ƙarfi. Sista ta shigo da gudu, ta jawo wani inji da ake takawa da ƙafa, ta zuƙe majinar da ta tare masa maƙogwaro. Da ta gama ta ce, "Kaka, ba ki ji ba?"

Inna ta ce, "Mi?"

Sista ta fito ta dube ni. "Ke daga waje kika ji?" Na ce e. Ta ce, "Ke za ki zauna."

Inna ta tattara zanenta, ta matso ta ce mini ƙasa-ƙasa, "To ki zamna. Amma ban da rawar jiki gaban mutane."

Makon farko makaranta na shiga. Sista ta ce su suna zagayowa a kai a kai, su auna zafi, su riƙe hannu suna duban agogo, su haska ido da tocila, su rubuta. Amma tsakanin zagaye da zagaye, ni ce idonsu. Ta nuna mini ɗigon ruwan nan, in ya tsaya ko ya yi gudu in kira. In hannun ya kumbura in kira. In leɓe ya yi duhu, in yatsa ya fara karkarwa, in kira. Ta koya mini juya shi dama da hagu don kada baya ya yi gyambo, da goge jiki da tsumma mai ɗumi in zafi ya hau, da tara fitsari a kwalba a nuna mata. Ta ce, "Kada ki ji kunyar kira. Gara ki kira ni a banza." Na kuwa kira ta a banza ba adadi, ba ta taɓa tsaki ba.

Ita tukunyar iskar, ashe tana da murya. In tana cike, huci take a miƙe. In ta kusa ƙarewa sai hucin ya yi laushi, ya riƙa yankewa. Na gaya wa Sista, ta duba agogon da ke kan tukunyar ta ce haka ne, daga nan na zama mai gadin tukwanen ɗakin duka huɗu.

Allura kuwa ba a magana. Ta jijiya, ta cinya, safe da rana da yamma, har na rasa inda ya rage ba a huda ba. Gado da magani kyauta ne, a gode wa Allah, amma akwai ranar da aka ce wata allura ta yanke, sai Malam ya zaga kemis-kemis na gari kafin ya samo. Famfo yakan ƙafe tun hantsi, mu bi layi da bokiti, alhali ana ce mana a wanke hannu. Wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, ɗaki ya zama tanda, sai an nemo mai tada janareto ya tafi cin abinci. Ƙasa ta yi kuɗi, ana ta dasa benaye, amma ruwan wanke tsumman yaro sai da rabo. Wannan kam na faɗa, ko wa zai ji.

Dangi suna zuwa su tsaya a taga, kowa da ƙullinsa. Inna ta zo da rubutu a kwalba ta ce in ɗura masa. Na ɓoye a zane, amma zuciyata ba ta kwanta ba, na nuna wa Sista. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta ce, "Addu'a ba ta hana allura aiki. Amma wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a zuba masa komai a baki, huhu zai tafi, ya shaƙe. Ki shafa masa a goshi da ƙirji." Haka muka yi kullum. Inna ta ce ashe Sistar nan 'yar mutunci ce.

A gadon da ke kusa da namu akwai wata yarinya, Hansai, ita ma sanƙarau. Uwarta Tabawa daga wani ƙauye ta hanyar Jibiya suka zo, a bayan motar itace. Tabawa ba ta da kowa a gari, kwanon da aka kawo mini shi muke ci. Ita ce ta ce mini, "Ke kau, Binta, da ke da rediyo ban san wa ka hutawa ba." Don ni ko a ɗakin nan ban yi shiru ba. Ina juya shi ina ba Tabawa labarin unguwa, ina goge shi ina yi wa nas-nas tsiya. Kowa na yi wa magana a ɗakin, ban da mutum ɗaya.

A mako na biyu zazzaɓin ya sauka, wuya ya fara laushi, aka janye tukunyar iska. Wata safiya ya buɗe ido. Na ce alhamdu lillahi a zuci, na tashi na kira Sista kamar ɗigon ruwa ne ya tsaya. Amma idon ba kowa a ciki. Yana kallon rufi, ba ya bin hannu, ba ya bin tocila sosai. Kowane zagaye sai nas ta duba kati, ta sunkuya ta kira sunan nan na yanka da ƙarfi. Shiru. Malam ya shigo ya ce, "Baba! Baba!" Shiru. Inna ta ce, "Maigida, tashi ka ba ni kuɗin cefane, ka bar ni da yunwa." Shiru.

Likita ya ja kunnensa da yatsa biyu ya ce wa Malam, "Sanƙarau ɓarawo. Wani lokaci ɗauki rai, wani lokaci ɗauki kunne, wani lokaci ɗauki hankali. Mu jira." Ran dai an ƙwato shi. Saura a ga wane ne zai dawo mana.

Sista kuwa ta fara ƙorafi. "Yaro ya fi sanin muryar da ya ji tun yana ciki. Wai ina uwar yaron nan? Tana raye?"

Na ce, "Tana raye."

"Tana garin nan?"

"Tana nan."

"Wace irin uwa ce wannan? Ke yayarsa kin ƙare a tsaye, ƙafarki ta kumbura, ita ko leƙe! In ta zo ki nuna mini ita, ina da magana da ita."

Na ce, "To, Sista." Tabawa ta juya baya tana ɓoye dariya.

Ana haka Hansai ta farfaɗo. Ta tashi zaune, ta sha kunu, ta yi wa uwarta murmushi. Muka yi ta barka. Sai Tabawa ta kira ta daga baya, ba ta waiwayo ba. Ta sake kira. Aka saki kwanon sha a ƙasa, kowa ya zabura, Hansai na wasa da bakin zanenta. Likita ya gwada iyakar gwaji, ya ce kunnen ya tafi, duka biyu. Yini guda Tabawa na zaune a bayan ɗiyarta tana cewa, "Hansai. Hansai. Hansatu." Ba kuka take ba, kira kawai take, ko Allah zai sa.

Ranar da aka sallame su, ta ɗaure kayanta, ta zo ta tsaya a kaina.

"Binta, tun randa munka zo na gane ki. Wadda ba ta duban yaro sai in ba kowa, ita ce ta haihe shi. Ni na kira tawa ba ta ji ba. Ke ko kiran ba ki yi ba. Mi kike jira?"

Na ci gaba da matse tsumma. Ta wuce teburin nas-nas, na hango ta ta gilashi tana magana tana nuna ni da haɓa.

Sista ta shigo, ta tsaya riƙe da ƙugu. Ta daɗe tana kallona.

"Ni kika bari ina zagin uwar yaro a gabanki?"

"Ai ba ki yi ƙarya ba, Sista, ba ta leƙo ba. Tana ciki."

Dariya ta so kuɓuce mata, ta danne. "Na san ana kunyar ɗan fari a ƙasar nan. Ban dai zaci ana shigowa da ita har ɗakin nan ba. Ni ban ce ki yar da al'adarku ba. Amma likita na son ya sani ko yaron nan na ji, mu kuma mun kira mun gaji." Ta jawo labulen da ke zagaye gado, ta rufe mu. "Kaka ba ta nan, mijinki ba ya nan, ni ma na fita. Daga ke sai shi sai Allah. Kira shi da sunansa."

Ni da ake cewa ko barci nake bakina na motsi, sai ga harshe ya yi mini nauyi kamar dutsen niƙa. Na dubi fuskarsa. Rabon da in dube ta haka, ido cikin ido, tun yana cikin tsumma. Ya rame, ga roba a hanci, ga tabon faɗuwar da ya yi a bakin rijiya, wanda Inna ta yi jinya ni ina leƙe daga madafa. Na sunkuya daidai kunnensa, na faɗi sunan. Sunan da na ji liman ya raɗa ranar suna, ban taɓa ɗora shi a harshena ba. Na sake faɗa da ƙarfi.

Ko gezau. Ido na kan rufi.

Na fito daga labule na girgiza wa Sista kai. Ta dafa ni ta ce, "Ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya." Amma na ga yadda ta rubuta a takarda a hankali. Ranar ban ba kowa labari ba. Nas-nas suka yi ta tambaya ko rediyon ɗakin ya lalace. Na riga na fara lissafin yadda ake zama da kurma, yadda zan riƙa taɓa shi in nuna masa da hannu. Na ce ko a haka ne, Allah na gode, Tabawa ma ta ɗauki tata ta tafi.

Washegari da azahar, zafi ya kai zafi, wuta ta ɗauke. Ina tsaye ta bayan kan gadon, inda ba ya ganina, ina matse tsumma a bokiti. Sista na gado na gaba tana sauya wa wani jariri ruwa. Na ɗago kai ke nan sai na ga hannunsa, wanda ba a ɗaure ba, yana tafiya a hankali ya nufi robar hanci. Yatsu sun kama ta. Robar nan da ƙyar aka sa ta, har jini ya fita. Ban yi shawara da kowa ba, bakina ya riga ni:

"Kai wannan! Sauke hannunka!"

Irin muryar da nake yi in na kama shi da hannu a tukunyar nama.

Hannun ya tsaya. Ya saki robar. Ya koma kan katifa a hankali, kamar na marar gaskiya. Sai wata 'yar murya a shaƙe, kamar daga ƙasan rijiya, ta ce, "Na'am."

Sista ta bar abin da take yi. "Kada ki motsa. Tsaya a inda kike. Sake faɗa, a hankali."

Na rage murya na ce, "Kai wannan."

Idon ya bar rufi, ya fara nema, ya juyo ta dama, har ya ɗago haɓa yana son ganin bayansa. "Yaya," in ji shi, "ruwa."

Ban yi rawar jiki ba, Inna ta hana. Zama dai na yi daɓas a ƙasa, bokiti ya kife. Sista ta aika a kira likita, tana dariya tana share ido da bayan hannu. "Mako guda muna kiran sunan kati! Me ya sa ba wanda ya gaya mini Kai Wannan ne sunansa?"

Likita ya zo ya gwada da kaɗa yatsu da agogo a kowane kunne. Na dama garau. Na hagu ya yi nauyi, ɓarawon bai fita hannu sake ba. Daga ranar duk nas ɗin da ta zo zagaye sai ta ce, "Kai wannan, buɗe baki." Har likita, in ya shigo da safe: "Kai wanan, lafiya?" Inna da ta ji labari ta ce, "Ja'iri! Ni da nike matarshi ya ƙi amsa man." Ta fita baranda ta yi sujada a kan siminti mai zafi. Abin da ya faru a bayan labule kuwa, Sista ba ta gaya mata ba, ni ma haka.

A mako na uku aka cire robar, ya fara shan kunu da cokali, aka mai da mu babban ɗakin yara. Ƙafafu sun manta tafiya, sai da muka riƙa tatata da shi a baranda kamar ɗan shekara guda. Ranar sallama Malam ya ɗinka wa Sista riga da zane, ta ƙi karɓa, sai da Inna ta ce za ta yi fushi. Allah ya saka wa matar nan, da likitan, da masu shara da suka riƙa ɗebo mana ruwa ba aikinsu ba. Allah ya sa Hansai ta samu mai haƙuri da ita. Har yau in an kawo itace daga hanyar Jibiya sai na sa a tambaya mini Tabawa.

To, mata, ga nawa. In yaro ya yi zazzaɓi da ciwon kai a bazara, ku sa shi ya taɓa ƙirji da haɓa. In ya kasa, ku bar hayaƙi, ku nemi mota. In layi ya yi tsawo, ku tare mai farin kaya ku nuna mata wuyan. Kada ku hana ɗibar ruwan baya. Kada ku ɗura wa wanda ya suma komai. Kunya kuwa ado ce, ni ma ban yar da tawa ba, amma in ma'aikaciya ta tambaya wace ce uwa, ko da ido ne ku nuna mata. Ku kuma gaya mata abin da ake kiran yaro da shi a gida, ba na kati kaɗai ba.

Yanzu yana aji uku, an sa shi a layin gaba saboda kunnen. Kwanan baya Inna ta tafi barka, ƙannensa na waje, ina tsince shinkafa, sai ya zo ya tsuguna nesa kaɗan, ya juyo mini da kunnen dama.

"Yaya, da ina asibiti na yi wani mafarki."

Ban ɗago ba. Na ce, "Uhm."

"Wai ana kiran suna, kamar a aji. Amma da muryarki."

Hannuna ya tsaya a cikin faranti. Na ce, "Ka amsa?"

"A'a. Ai na san ba ke ba ce. Ke ba ki faɗi."

Na ci gaba da tsintar shinkafa, duk da ban ƙara ganin tsakuwa ko ɗaya ba. Can na ce, "Kai wannan, tashi ka ba ni wuri."

"Na'am," in ji shi, ya tashi yana dariya.

Wadda ta karanta har nan tana jiran ta ga sunan, ta yi haƙuri. Na faɗe shi a inda ya kamata, kuma ashe an ji.